Ruwan Sallamar Iya Hanatu

Ƙarar jirgin sama ce ta katse wa Iya Hanatu jan carbi. Filin jirgin Njamena a cikin gari yake, in babba ya taso sai kwanon rufin ɗaki ya amsa. Mutanen unguwar Mursal sun daɗe da daina ɗaga kai, ban da mutum biyu a gidan Malam Abdulgani: mahaifiyarsa Iya, mai ɗagawa ta yi tsaki, da autarsa Bahijja, mai ɗagawa ta yi murmushi a ɓoye.

"Gabas suka nufa," in ji Iya, ta raka shi da harara har ya shige gajimare. "Allah ya sa sun yi sallama da matansu."

"Kai, Iya! Ke dai da jirgin nan kamar ya take miki kaza," in ji Bahijja.

"Rufe min baki, ja'ira! Tace karkanjinki can, kin zabga masa sukari kamar ubanki ke noma shi."

Bahijja na dariya tana tace zoɓon, sai ga sallamar mahaifinta, ya dawo daga kasuwar gero inda yake sayar da hatsi. Ya durƙusa gaban tsohuwarsa ya gaishe ta, sannan ya rage murya.

"Iya, mutanen unguwar Kabalai za su zo ran Juma'a bayan la'asar, kan maganar yarinyar nan."

Wuf, Bahijja ta faɗa ɗaki don kunya. Amma kunyar iyakarta ƙafa, kunne yana manne da labule.

"Jikan Alhaji Salmanu mai atamfa?" Iya ta tambaya. "Na san asalinsu, tun zamanin Nasara suke kasuwanci a garin nan. Shi yaron me yake yi?"

"Fa'iz sunansa. Bana ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, sakamako mai kyau. Baffansa ya ce jami'a zai shiga, nan Tukra."

"Nan Tukra? To, madalla. Wanda zai haye gada da safe ya dawo da yamma, ba ni da ja a kansa. Ka dai san dokata."

"Na sani, Iya."

Dokar kuwa kowa ya san ta a dangi: a gidan nan ba a karɓar goron matafiyi. Iyayen Iya mahajjata ne, sun taso a ƙasa daga ƙasar Haɗeja za su Makka, suka yada zango a garin nan tun ana ce masa Forlami, don su ɗan yi sana'a su ƙara guzuri. Zangon ya zama gida. Nan aka aurar da Iya ga Malam Waliyyullahi, nan ya bar ta da ciki ya nausa gabas, har yau ba amo ba labari. Da aka haifi yaron mutane suka so su laƙaba masa Audi, sunan wanda aka haifa bayan rasuwar uba. Iya ta hana, ta ce ba wanda ya nuna mata kabari. Tun daga nan ba jikarta ko ɗaya da aka ba namijin da ke shirin tafiya.

Ita kuwa Bahijja ta san abin da babanta bai sani ba. Fa'iz ya rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Addis Ababa ta ƙasar Habasha, yana jiran sakamako. Kuma Addis Ababa, ko yaron firamare ya sani, gabas take.

Washegari da yamma Fa'iz ya zo zance. Tun kafin ya kashe babur ta gane, don fuskarsa ta kasa riƙe labarin.

"Bahijja, na ci! Wallahi na ci! Har gwajin likita, ido da zuciya da kunne, komai tamam! Bayan Babbar Salla ake farawa."

Ta so ta yi guɗa, ta so ta yi kuka. Tun suna sakandare ta san shi da wannan ciwon. Shi ne wanda ake kora daga aji saboda ya tsaya kallon jirgi ta taga, shi ne wanda yake gane irin jirgi da jin ƙararsa kaɗai.

"Barka," ta ce a sanyaye. "To, Tukra fa? Baba ya gaya wa Iya jami'a za ka shiga."

Ya sosa ƙeya. "Ai nan ma an ba ni gurbi. Baffa Yunusu ya ce mu bar maganar a haka tukuna."

"A haka yaya?"

"A ce jami'a. In an karɓi goro an shafa fatiha, magana ta ƙare, sai in tafi. Ya ce goron da aka riga aka tauna, wa zai amayar? Shekara biyu ce kawai, kafin su gama fushi na dawo da kakin pilot."

"Fa'iz! Ƙarya za a yi wa babana a tsakar gidansa?"

"Ba ƙarya ba ce, dabara ce. Ke kin fi ni sanin Iya. In ta ji kalmar tafiya, shi ke nan, an raba mu har abada. So kike a raba mu?"

"Ka san ba na so."

"To, ki yi shiru kawai. Ba wanda zai tambaye ki komai."

Haka ne, ba wanda zai tambaye ta. Yarinya a ranar neman aurenta ko tari ba ta yi. Ta koma cikin gida, tuwon dare ma ta ce kanta ke ciwo.

Ana jibi za su zo, da hantsi, tana shafa wa Iya man zafi a gwiwa, ta kasa daurewa.

"Iya, wai don mutum ɗaya ya tafi bai dawo ba, shi ke nan duk matafiya sun zama mugaye?"

Ta zaci zagi za ta sha. Sai ta ga tsohuwar ta zuba wa bakin ƙofa ido.

"Ke yarinya ce, ba ki tarar da al'adarmu ba. Mu 'ya'yan hanya ne, tafiya ba baƙuwarmu ba ce. Da can in mutum zai ci gaba zuwa gabas, yakan tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmi, ya faɗi inda za shi kowa ya ji. Matar gidan ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta zuba masa a ƙafa, ta yi masa addu'a. Iyayenmu suna cewa ƙafar da ta jiƙe a ƙofa ba ta manta ƙofar."

"Shi Malam ba ki zuba masa ba?"

"Na ji ƙishin-ƙishin ayari zai tashi. Na sayi sabuwar ƙwarya, na cika ta, na tsaya da cikina a gaba. Ya dube ni, ido cikin ido, ya yi dariya. Ya ce, 'Hanatu, Abeshe za ni da kayan goro, nan cikin ƙasarmu, Abeshe ai ba tafiya ba ce. Ajiye ruwanki.' Na ajiye. Sai bayan na haihu wani abokin tafiyarsa ya dawo, ya ce ai tun a nan suka ƙulla za su tsallaka Sudan. Wai tsoron kukana yake. Da ya gaya min, da na yi kukan na gama. Sai ya bar ni da wanda ba ya ƙarewa."

Hawayen Bahijja suka ɗiga a kan gwiwar Iya.

"Ke kuma kukan me kike, sarkin tausayi? Ke ai naki ɗan Tukra ne."

Wannan kalmar ce ta ƙarasa ta. Ta fita bayan ɗaki ta kira Fa'iz a waya, ta kwashe labarin kaf ta gaya masa tana shessheka.

"Ni ba zan tona ka ba," ta ce. "Ina son ka, wallahi ina son ka. Amma ka sani, abin da kakana ya yi wa Iya shi za ka yi mata karo na biyu. Kuma da bakina a rufe za a yi."



"Sai Juma'a," shi ne kawai abin da ya ce.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Baffa Yunusu ya zo da dattawa, babbar riga na ƙamshin turare, ga ƙwandon goro da dabino da alewa. Fa'iz ne ya tuƙo su, aka bar shi a mota, don saurayi ba ya zama inda ake nema masa aure. Mata suna ɗakin Iya a bayan labule, Bahijja ta ƙudundune a ƙurya.

Baffa Yunusu ɗan kasuwa ne, bakinsa ya iya sayar da atamfar da ta koɗe. Ya yabi gidan, ya yabi asali, sannan ya gangaro.

"Yaronmu kuwa, Malam, yana nan tare da mu. Jami'a zai shiga, Tukra ai ba tafiya ba ce."

Bahijja ta ji kamar an soka mata allura. Iya kuwa sai gyaɗa kai take.

"To, alhamdu lillahi," in ji Malam Abdulgani. "Mun ba ku. Liman, a yi mana fatiha."

Hannuwa sun fara ɗaguwa ke nan aka ji sallama daga zaure. Fa'iz ne. Ya zube a bakin darduma, kansa a ƙasa.

"Kai! Wa ya kira ka?" Baffa Yunusu ya daka masa tsawa. "Fita! Ka taɓa ganin inda aka yi haka?"

"Baffa, ka gafarce ni." Ya juya ga mai gidan. "Baba, kafin a shafa, akwai abin da ya kamata ka ji daga bakina. Gaskiya ne an ba ni gurbi a jami'a. Amma ba can zuciyata take ba. Na ci jarrabawar koyon tuƙin jirgin sama a Addis Ababa, bayan Salla zan tafi, shekara biyu. Ni na amince a ɓoye muku, don ina tsoron a hana ni. Laifina ne."

Hannuwan da suka ɗagu suka koma ƙasa. Ko kajin gidan kamar sun ji.

"Innalillahi!" Baffa Yunusu ya fara share gumi da hannun riga. "Malam, yarinta ce, zafin rana ne ya..."

"Dakata, Alhaji." Malam Abdulgani bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ban tsoro. "Yaro, dube ni. Na haura sittin, ban taɓa ganin fuskar ubana ba. Ka san haka ka shigo gidana da goron tafiya a lulluɓe?"

"Shi ya sa na kasa zama a mota, Baba."

"Mu ma ajiye wannan. Jirgi yana son ido mai lafiya da zuciya mai lafiya. Ran da likita ya ce sauka, me ke hannunka? Wanda ya yi jami'a, ko ya makance iliminsa na nan. Kai da me za ka riƙe 'yata?"

"Na yi wannan tunanin. Jami'a za ta karɓe ni ko da furfura, in na dawo zan yi ta ina aiki, na yi alkawari. Wannan damar ce ba ta jiran mutum."

"Taura biyu ba ta taunuwa. Ka zaɓi jirgi, Allah ya ba da sa'a."

Sai murya ta fito daga bayan labule, a bushe.

"A mayar musu da goronsu."

Nan Bahijja ta fashe da kuka. Ba wanda ya rarrashe ta. Aka kinkimi ƙwandon aka mayar mota, Baffa Yunusu na gaba yana sababi da Larabci da Hausa, wai ya ga wawaye a duniya amma bai taɓa ganin wanda ya kwance cinikin da aka riga aka sallama ba.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. An hana Fa'iz zuwa zance, baffansa ya daina amsa gaisuwarsa. Bahijja ta rame har wuyanta ya fito. Ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, tana girki, tana shafa wa Iya man zafi kamar kullum, sai dai dariyarta ta ɗauke. In jirgi ya wuce yanzu Iya ce kaɗai ke ɗaga kai, kuma an lura ta daina tsakin.

Ana saura kwanaki Salla Fa'iz ya kira ta a waya.

"Bahijja, na haƙura. Gobe zan je Tukra in yi rajista. In Baba ya ga na zauna, wataƙila..."

"A'a."

"A'a kuma? Ba abin da kowa ke so ke nan ba?"

"Ban da ni. Na san ka, Fa'iz. Za ka zauna, a ba ka ni, sannan kullum jirgi ya wuce ka ɗaga kai, in ka sauke idonka a kaina zai sauka. Ba zan iya zama matar da ta karya maka fiffike ba. Ka tafi."

"In na tafi na rasa ki."

"In rabonka ce ni, ba mai ɗauka. Ni dai zan jira, ko an ce kar in jira. Abu ɗaya na roƙe ka: kar ka saci jiki. Ka tafi kamar ɗan halak."

Ranar tafiyar, da hantsi, rana ta riga ta gasa ƙasa, aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Fa'iz ya shigo har tsakar gida, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Iya. Ya sunkuya ya cire takalmansa, ya ajiye gefe, ya taka ƙasar da ƙafa tsirara.

"Iya, Fa'iz ne. Ban zo roƙon komai ba, sallama na zo. Gabas za ni, Addis Ababa, koyon tuƙin jirgi. Shekara biyu, in Allah ya yarda. Yau zan tashi."

Labulen bai motsa ba.

Malam Abdulgani ya fito daga ɗakinsa. "Mun ji, yaro. Allah ya kiyaye hanya. Sa takalminka."

Bai sa ba. Bahijja na tsaye a bakin madafa, tana ganin yadda yake ɗan ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya don zafi. A waje Baffa Yunusu ya danna hon.

"Yalla, Fa'iz! Jirgi ba motar kasuwa ba ce da za ta jira ka!"

Gumi na bin wuyan yaron. Hon ya sake tashi, wannan karon mai tsawo. Bahijja ta toshe baki da gyale. In ya ƙara jimawa jirgin zai tafi ya bar shi, ya yi biyu babu, ba ita ba karatun.

"Fa'iz, ka tafi," ta ce cikin kuka. "Don Allah ka tafi!"

"Bahijja!" Muryar Iya ce. "Zo ki jawo min adakar nan."

Ta shiga da gudu. Daga ƙasan adaka, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, Iya ta zaro wani ƙulli ta kwance. Ƙwarya ce, ta yi jawur don tsufa, gefenta ya tsage an ɗinke. Ba wanda ya taɓa ganinta a gidan, har shi Malam Abdulgani.

"Ɗebo min ruwa a randa."

Tsohuwar ta fito tana dogara bango, ƙwaryar na yoyo ta wajen ɗinkin. Ta tsaya gaban Fa'iz ta ƙare masa kallo.

"Ina ka ce za ka?"

"Addis Ababa, Iya."

"Za ka dawo?"

"In da rai da lafiya, ƙofar nan zan fara takawa."

Ta sunkuya ta tuttula masa ruwan a ƙafa, a hankali, har ƙasa ta yi laka a tsakanin yatsunsa.

"Allah ya kai ka, Allah ya dawo da kai. Shekara sittin da ɗoriya ƙwaryar nan na jiran ƙafar da za ta tsaya mata." Ta share ido da bakin zane. "Ni ba tafiya na tsana ba, ɗan nan. Na ɗauka duk mai tafiya maƙaryaci ne, don wanda na sani haka ya yi min. Kai ka yarda ka rasa yarinyar maimakon ka same ta da ƙarya. Je ka ce wa wancan mai hon ɗin ya dawo da goronsa gobe. Amma wannan karon a faɗi gaskiya a kansa."

Malam Abdulgani ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu murya sai ya ce, "Alkawarin jami'ar nan yana nan fa, ban yafe ba."

"Yana nan, Baba!"

Haka Fa'iz ya shiga mota da takalmi a hannu, ya ƙi goge ƙafarsa.

Shekara biyun ba su zo da sauƙi ba. 'Yan uwa sun yi ta zuga, wai ai matan Habasha kyau gare su, ta nemi wani tun da sauran ƙuruciya. Bahijja ta toshe kunne. Ita ce ma ta shiga Tukra, tana haye gada da safe ta dawo da yamma. Ran da Fa'iz ya sauka, daga filin jirgi bai bi ta Kabalai ba, Mursal ya nufa, ya yi sallama a ƙofar Iya da jakarsa a kafaɗa. Aka ɗaura aure bayan wata guda, Baffa Yunusu na ta gaya wa jama'a wai shi dama ya san yaron nan mai gaskiya ne, shi ya rene shi.

Jama'a, abin da aka samu da ƙarya da fargaba ake kwana da shi. Da Fa'iz ya zauna a mota ran nan, da ya sami mata ya rasa mutunci. Gaskiya takan kori mutum da safe ta kira shi da yamma, sai dai tana son mai haƙurin jira, irin na Bahijja.

Da aikinsa ya kankama, yana tuƙi yana karatun jami'a kamar yadda ya alkawarta, abu na farko da ya yi shi ne shirya wa Iya Umara, ita da ɗanta. Ta yi ta gardama, wai ita da ta zagi jirgi tsawon rai, da wane ido za ta shige shi? Ranar tafiya ta fito cikin farin mayafi, ta kai bakin ƙofa, sai ta ja ta tsaya. Ta zare silifas ɗinta.

"Gabas za ni," ta ce. "Makka. Zan ƙarasa hanyar da iyayena suka faro. In na je zan yafe wa Malam a can."

Ta waiwaya tana neman wanda zai zuba mata. Bahijja na tsaye a bayanta, da goyo, tsohuwar ƙwaryar cike a hannunta.